Bitar Shuka a Ruwan Bago

Duk abin da zan manta a aikin gwamnati, ba zan taɓa manta taron bitar da na shirya a Ruwan Bago ba. Lokacin ina riƙon ƙwaryar shugabancin malaman gona na yankin Karaye da Rogo. Shekara biyu cur ina jiran takardar tabbatarwa, har na gaji da tambayar masinja ko an aiko. Sai na ce bari in yi abin da zai burge na sama: in kwashe ma'aikatana mu keɓe kwana biyu a ƙauye, in gayyato Darakta daga Kano ya zo rufe taro ya gani da idonsa.

Na sha wahala, Allah Ya sani. Na ari aji a firamare, na je gaida dagaci har sau biyu, na sa aka buga jadawali a tafireta (har da "hutun shan shayi", mu da ko buta ba mu da ita a ofis). Taken bitar kuwa, muhimmancin shuka a kan kari.

Malam Sule na Beli, wanda ya girme mu duka, ya dubi ranar da na sa ya ce, "Ranka ya daɗe, hadari fa ya fara haɗowa. Da an ɗaga zuwa kaka."

Na ce masa aikin gwamnati ba ya jiran hadari. (Wai ni mai ilimi.)

Ranar farko na yi surutu har muryata ta dushe. Na buga tebur na ce duk manomin da ruwan shuka ya sauka bai fita washegari ba, ya cuci iyalinsa. Suna ta gyaɗa kai, ni kuma ina jin daɗi. Da la'asar ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Da ya ɗauke na hau babur na tafi Rogo na kwana, don in tari Darakta da safe.

Da hantsi muka iso, ina gaba ina washe baki. Aji wayam. Bencina ne kawai da rubutuna a allo. Sai Malam Sule a bakin ƙofa, riƙe da kekensa.

Darakta ya ce, "Ina jama'ar taka?"

Bakina ya riga hankalina. Na ce, "Sun fita gonar gwaji, yallaɓai."

"Gwaji kuma?" in ji Malam Sule. "Yallaɓai, barka da zuwa, ya hanya? Ai gida kowa ya tafi shuka tun asuba. Shi ya ce mana jiya wanda bai fita ba ya cuci iyalinsa. Ni ma sallama na tsaya in yi."

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Darakta ya karanta allon tun daga sama har ƙasa, sannan ya juyo a hankali.

"Kai fa, ka shuka taka?"

Ban shuka ba. Ko iri ban tanada ba.

Ko zama bai yi ba. Bayan wata biyu aka turo wani daga Kano ya karɓi kujerar, gerona kuma ya makara, shekarar nan sai da muka ci na kasuwa. Yanzu in zan yi wa mutane wa'azi, sai na fara tambayar kaina: in suka ji maganata fa, ina zan sa kaina?