Yadda Ake Biko da Man Roba

Ɗan'uwa, matarka ta yi yaji? Share hawayenka. Wasu za su ce ka sayi atamfa, wasu su ce ka kai goro. Duk tsohon yayi ne. Hanyar da zan nuna maka ta kimiyya ce, an gwada ta a nan Gwallameji cikin Bauchi, kuma katanga ɗaya ce tsakanina da wanda ya gwada, wato Injiniya Mahfuz. Ka bi ta daki-daki, na yi maka alkawari za ta dawo da ƙafarta.

Mataki na 1: Ka zama injiniya

Ba sai ka je jami'a ba. Mahfuz ma'aikacin ofis ne da tsadar fetur ta sa ya jingine babur. Duron ƙarfe ya kai wa Micah mai walda, aka yi masa murfi, aka liƙa bututu. Tun ranar da aka sauke duron daga keke, in ba ka ce Injiniya ba, bai ji sallamarka ba.

Karatun ba shi da yawa. Ita roba daga mai aka yi ta tun asali. Ka cusa ta a duro, ka toshe kada iska ta shiga, ka hura wuta a ƙasa. In iska ta shiga, gobara ce. In ba ta shiga ba, zafi zai farfasa robar ta zama tururi, tururin ya bi bututu ta cikin ruwan sanyi, ya ɗiga a kwalba ya koma mai. Ka haddace wannan, ka riƙa faɗa a majalisa kana kallon sama.

Mataki na 2: Ka tabbatar ta yi yajin

Ba a biko sai da yaji, kuma a nan duro zai yi maka aikin. Warin ya shiga shinkafa, ya shiga mayafi, har 'yarsu Ummi ta fara tari. Matarsa Khadijatu ta riƙe ƙugu ta ce, "Abban Ummi, ko duron nan, ko ni."

"Haba Khadija," in ji shi, "ƙamshin ci gaba ne fa."

Rana tsaka ta goya Ummi ta tari keke, sai gidansu a Gwallaga. Da farko Mahfuz ya ce ai yanzu ma zai yi aiki a tsanake. Ina! Duro ba ya yi maka sannu da zuwa, ba ya tambayar ko ka ci abinci. Kewa ta kama bawan Allah, wallahi har wandonsa ya fara zamewa.

Mataki na 3: Ka tura dattawa, su yi maka cika baki

Mahaifin Khadijatu, Malam Mijinyawa, tsohon tela ne, magana ɗaya gare shi. Ya saurari 'yan biko har suka gama, sannan ya ce, "Ni dai an ce mini shara yake dafawa. Ranar Asabar da la'asar zan zo da ita. In fitila ta kama da man nan nasa, ta zauna. In ba ta kama ba mu koma tare, kuma kada a sake turo mini kowa."

Ka san suruki ba ya taka gidan 'yarsa haka kawai. Aure ne ɗungurungum aka rataya a jikin ƙwan fitila.

Mataki na 4: Ka tara kaya, ban da tausayi

Leda makira ce. Ka tara buhu guda, ta narke ta koma abin da bai cika cokali ba. Mahfuz ya share bolar layinmu tas, har masu unguwa suka fara sa masa albarka, amma duro bai ko kai rabi ba.

A nan ne ya waiwaya ya dubi gidansa, ya gano sirrin zamani: gidan Bahaushen yau duk roba ne. Bokiti ya shiga. Kujerun tsakar gida suka shiga, bayan ya bi su da adda. Tabarma, kwandon wanke-wanke, mazubin gishiri, kulolin aurenta da ba a taɓa zuba musu ko miya ba, duk suka bi sahu. Butoci ne suka fi ba shi wahala, don sun saba da hannunsa, amma ya daure.

In zuciyarka ta fara rawa, ka tuna da wannan hikimar: mai shirin haska gari ba ya kukan buta.

Mataki na 5: Ka sani tsoho ba ya makara

An ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma injiniya yana fafewa. Malam Mijinyawa ya ce la'asar, ana idar da azahar sai ga sallamarsa, duro kuwa bai cika ba. Mahfuz ya durƙusa ya gaida shi, ya duba hagu ya duba dama, ya jawo bulo ya shimfiɗa kwali a zaure.

"Bismillah, Baba. Kujerun suna... suna wurin aiki."

Khadijatu ta wuce ciki da Ummi. Ya kasa kunne ya ji salati ko ihu, bai ji komai ba. Shirun nan ya fi ihu ɗaga masa hankali.

Ya zagaya baya. Roba ɗaya mai ɗaukuwa ta rage a gidan: wani tsohon baho shuɗi da ya koɗe, an ɗinke tsagarsa da waya. Na marigayiya mahaifiyar Khadijatu ne. A ciki aka yi wa Khadijatu wanka tana jaririya, a ciki ta yi wa Ummi. Kaurinsa kuwa, kai, zai ba da mai! Mahfuz ya ɗauka ya kai bakin duro, ya tsaya. Ya daɗe a tsaye. Sai ya juya ya mayar da shi inda yake, ya kife.

Da ya zagayo ta waje neman abin cikawa, ya ga wasu tsofaffin silifas a ƙofar gida, dugadugansu sun cinye. Ya ce ikon Allah, shara har gida! Ya jefa su, ya rufe duro ya ɗaure.

Mataki na 6: Ka hura wuta, ka hura baki

Yayin da duro ke ƙugi, ka cika surukinka da bayani. Mahfuz ya kawo labarin tururi, ya kawo na iska, ya ce nan gaba kaɗan kekunan Bauchi duk a ƙofarsa za su sha mai. Malam ya toshe hanci da gefen rawani ya ce, "Ba girin-girin ba dai, ta yi mai."

Ta kuwa yi. Ɗis, ɗis, har rabin kwalba, kalar shayin da ba madara. Dab da magariba Mahfuz ya tace ya ɗura wa janareta, ya yi bismillah ya ja igiya. Ta yi tari, ta yi atishawa, ta yi kamar za ta cika, sannan ta ɗauka. Ƙwan fitila ya kama tar!

Mataki na 7: Kada ka bari hasken ya daɗe

Nan ne Injiniya ya yi kuskure, don fitila ba ta da kara. Ta haska tsakar gida fayau, ba kujera, ba tabarma, sai ƙusoshin da ake rataye kwanduna.

Aka kira salla. Alwalar da Malam ya zo da ita har ya yi la'asar ta warware, ya ce a ba shi buta. Da tukunyar shayi dattijon nan ya yi alwala, ya yi salla a kan kwali. Ya shafa addu'a, ya leƙa ƙofar gida, ya sake leƙawa.

"Ina takalmana?"

Mahfuz ya ɗaga kai ya dubi fitila. Malam ma ya dubi fitila.

"Wato su ne suke haska mu?"

"Wani sashe dai, Baba."

Janareta ta sake tari. Malam ya ce, "Na ce in ta kama ta zauna, kuma ta kama. Amma Khadijatu, ban tilasta miki ba."

Ta fito, bahon nan a ƙugunta. Mahfuz ya bi bahon da ido.

"Zan zauna, Baba," ta ce. "In na ƙara kwana biyu a Gwallaga, tankin ruwa da bututun banɗaki ma duro za su shiga." Da ta zo wucewa ta gabansa ta rage murya: "Ina bakin taga. Na ga ka ɗauka, na ga ka ajiye."

Daidai nan man ya ƙare, fitila ta mutu, Allah ya rufa wa Injiniya asiri ba a ga idonsa ba. Malam ya koma gida cikin takalman ofis ɗin Mahfuz, suna yi masa ƙwal-ƙwal, Mahfuz kuwa ya raka shi bakin titi ƙafa ba takalmi. Duron yana nan ƙofar gida, Khadijatu ta mai da shi na zuba shara.

A kula

Marubucin nan ba shi da hannu a gobara, tari, ƙaurin shinkafa, ko surukin da ya koma gida a takalmin aro. Wanda duronsa ya fashe, shi da mai waldarsa. Ni ma ina cigiyar butata ja da na bari a kan katanga. Kuma in ka bi matakan nan kaf, ka duba gidanka ka ga babu bahon da za ka iya ɗauka ka mayar, kada ka neme ni. Je ka sayi atamfar.