Ranar da Na Kai Aradu Gwajin Hayaƙi

Maigidana, Baban Hadiyya, ya rasu, yau wata bakwai ke nan. Wata sabuwar mota ce fil ta buge shi yana tsallaka titi da ƙafarsa, zai sayo mana kifi. Bai bar gida biyu ba, bai bar gona ba. Abin da ya bari shi ne ni da 'ya'ya uku da kuma Aradu.

Aradu motarsa ce, tsohuwar ƙirar Amurka mai ƙofa biyu da doguwar gaba, filoginta takwas. A hannun wani Bature ya saye ta lokacin da masaƙa ta rufe. Da yake bakanike ne, babu abin da bai taɓa ba a jikinta. Ya sauya kafireta, ya yanke salansa, ya cire wani ƙarfe daga ƙarƙashinta, wai yana shaƙe mata wuya. In ya tashe ta da safe, kajin unguwa sai sun haye katanga. Kullum maganarsa ɗaya ce: "Ko bayan raina, kada ki bari 'yan gwangwan su sa mata guduma."

Ina fita daga takaba, sai ga wansa, Yaya Sambo. Ya ce yanzu an tsaurara doka, duk motar da ba ta ci gwajin hayaƙi ba, ba ta hawa titi.

"Ran Litinin za mu kai ta," in ji shi. "In ta ci, ki riƙe abarki. In ta faɗi, na riga na yi magana da masu yanka ƙarfe."

Ni sana'ata turaren wuta, kuma abin da na sani game da hayaƙi shi ne, akwai mai daɗi, akwai marar daɗi. Saboda haka na yi wa Aradu irin gyaran da nake yi wa amare. Na rufe bayanta da barguna biyu, na tura kasko ƙarƙashin bututun, na zuba hawi da sandal har da farce. Kwana uku ina turara ta safe da yamma. Ranar ƙarshe na cusa wani dunƙule a cikin bututun don ya raka mu hanya.

Yaya Sambo ne ya tuƙa. Tun daga gida yake tari yana tsaki.

"Wai wannan mota ce ko ɗakin amarya?"

"Yaya, kai dai ka kalli hanya."

Ma'aikacin da ke gwajin wani dogo ne mai farar riga da tabarau. Ya zura wani siririn ƙarfe a bututun, ya ce a taka. Yaya ya taka. Aradu ta yi ruri, wani farin hayaƙi ya turnuƙe rumfar, na'urar ta kama kuka kamar an taka wutsiyar kyanwa. Direbobin da ke layi suka fara buɗe hanci. Wani ya ce, "Kai, masha Allah! Ina ake ɗaurin auren?"

Ma'aikacin ya cire tabarau yana share hawaye.

"Hajiya, me kika sa wa motar nan?"

"Hawi ne da sandal, ranka ya daɗe. Haɗin hannuna ne."

"To, na'urar nan ba ta da hanci. Motarki ta faɗi, faɗuwar da ban taɓa ganin irinta ba."

Yaya Sambo ya zaro waya zai kira mutanensa. Na ce wa ma'aikacin ya dubi Allah ya dubi marayu, ya gaya mini abin da ya rage mata. Ya nuna mini wani hoto a bango, wani ƙarfe mai kama da gora.

"Wannan ne ke tace hayaƙi. Taki babu shi, an cire. Irin na wannan motar kuwa, ko Legas kika je ba lallai ki samu ba."

Na ƙura wa hoton ido.

"Laa! Ai yana gida. Shi nake tokare ƙofar akurkin kaji da shi."

Yaya ya mayar da wayarsa aljihu, ransa a ɓace. Ma'aikacin ya rubuta mini sati biyu, in sa a mayar da shi in dawo. Amma bai ƙyale ni haka nan ba, sai da ya ɗaga murya don 'yan layi su ji.

"Ku mutanenmu ba ku san illar abin nan ba. Irin wannan hayaƙin kisa yake yi, Hajiya. Wa ya sani ma ko shi ya kai maigidan naki kabari?"

Na gyara mayafina na ce, "Shekara ashirin da bakwai yana shaƙarsa, ko tari bai taɓa yi ba. Motar da ta kashe shi kuwa, da takardarku manne a gilashinta. Ka ce Allah ya jiƙansa, ka miƙo mini makullina."