Ɗan Lemun da Ya Tsiro Ba da Izini Ba

Zuwa ga
Mai Girma Shugaban Sashen Tsari da Ƙawata Ofisoshi,
Hawa na Huɗu, Ɗaki Mai Sanyi.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da dukkan furannin robar da ke ƙarƙashin kulawarka. Allah ya ƙara musu lafiya, ko da yake na ji an ce ba sa buƙata.

Ba lalle ka san ni ba. Ni ce matar nan ta ɗakin ajiyar fayiloli a hawa na ƙasa, bayan matattakala, inda ake jingine karyayyun kujeru. Shekarata ashirin da shida a wurin, saura wata goma sha huɗu in yi ritaya. 'Yan ofis suna ce mini Inna Fayil. Ban taɓa rubuta ƙorafi ba, domin na san makomar ƙorafi: wurina yake dawowa in jera shi a kanta. Shi ya sa wannan karon na manna kwafi a allon sanarwa, ko a samu mutum biyu su karanta kafin gara ta riga su.

Dalilin rubutowata shi ne takardar da jami'inka na duba tsari ya kawo mini ranar Litinin. Ta umarce ni in tumɓuke wani ɗan tsiron lemun tsami da ke cikin tukunyar tagata kafin ƙarfe goma sha biyun ranar Juma'a. Tsiron bai kai tsawon biro ba, ganyensa bakwai. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, don haka ga ƙorafe-ƙorafena, na jera su da lamba yadda ka fi so.

Na ɗaya. A tagar nan akwai wata shuka mai faɗin ganye da na yi shekara tara ina reno. Ban san sunanta na boko ba. Reshe ne na karyo daga wadda ke gindin famfon gidan mahaifiyata, na haɗo da ƙasar wurin a leda, mako guda bayan rasuwarta. A watan da na tafi hutu aka cire mini yana a idon dama, sashenka ya ba Kamfanin Kore Har Abada kwangilar maye duk wata shuka mai rai da ta roba. Ɗan kwangilar ya kawo furanni sittin da tukwane arba'in. Kafin a iso ɗakina tukwane sun ƙare, sai ma'aikatansa suka finciko shukata suka jefa a kwandon shara, suka soka ta roba a cikin ƙasar da ta bari. Ina yaba wannan tattali. Sai dai ina tambaya cikin ladabi: da wuya ne a bar mini 'yar takarda? Mu da sai an rubuta takarda uku kafin a canza ƙwan fitila? Abin ya yi mini ciwo, Yallaɓai, kuma har gobe yana yi. Na faɗa sau ɗaya, ba zan maimaita ba.

Na biyu. Na dawo aiki ido ɗaya a manne da auduga, ɗayan kuma yana gani kamar ta bayan labule. Na hango shukata ta yi kore shar, har ta fi yadda na bar ta. Na riƙe hannun Iya Mai Shara ina ta zuba mata godiya. Baiwar Allah ta buɗe baki, ta rufe, sannan ta ce, "Inna, ai albarkar hannunki ce."

Wata biyar, ranka ya daɗe. Wata biyar ina ba roba ruwa safe da la'asar. Ina goge mata ganye da tsumma, ina juya ta don kowane gefe ya samu rana, ina yi mata ina kwana. Da abin ya tsaya nan da sauƙi. A'a, sai na shiga tare mutane a matattakala ina koya musu reno. Na ce ku duba tawa, ko ganye ɗaya bai taɓa faɗuwa ba. Har na gaya wa Mai Buga Takardu ta hawa na biyu cewa rashin haƙurinta ne yake kashe mata furanni a gida. Ta ce, "Gaskiyarki, Inna," ta faɗa bayi da sauri, na ji famfo yana ta zuba. A lokacin na zaci maganata ce ta ratsa ta.

Ma'aikata tamanin da ɗaya ne a ginin nan, kuma ba a taɓa yin sirrin da ya wuni a cikinsa ba. Canjin wurin aikin mutum, masu gadi ke fara yi masa jaje. Amma wannan sun riƙe shi wata biyar cur, wai don kada jinina ya hau. Shin sashenka ya taɓa haɗa kan ma'aikata haka, ko da na minti goma?

Na uku. Da aka gyara ido na biyu na dawo da sabon tabarau, na ɗaga ganye in duba ko akwai ƙwari, sai na ga rubutu a bayansa: A NISANTA DA WUTA. Shekarata hamsin da tara a duniya, ban taɓa ganin ganyen da ya fito da gargaɗinsa a rubuce ba. Na lalubi kujera na zauna. Duk wanda na taɓa yi wa lacca sai da fuskarsa ta gifta mini ɗaya bayan ɗaya.

Kaina yana sunkuye don kunya na ga wani abu a gindin robar. Ganye biyu ne, ƙanana kamar farcen jariri.

Ga yadda aka yi. Baba Direba, mai jan motar ma'aikata, a ɗakina yake shan shayinsa kullum ƙarfe goma, saboda nan ne kaɗai ba a tunawa a neme shi. Yakan matsa lemun tsami, ya tsamo ƙwayoyin da cokali ya watsa a tukunyata, duk da na hana shi ya fi sau ɗari. Ƙwaya ɗaya ta samu ƙasar mahaifiyata da ruwan wautata, ta kama. To, Yallaɓai, wa za a hukunta? Direban da ba ya jin magana, ko tsohuwar da ba ta gani, ko ɗan kwangilar da bai iya ƙirga tukwane ba?

Na huɗu. Takardar umarninka mai lamba goma sha huɗu ta kawo dalilai uku na haramta shuka mai rai. Ta ce tana jawo ƙwari. Ina mai farin cikin sanar da kai cewa ƙwarin ɗakina ba sa jiran gayyata. Akwai kyankyasan da suka girme ka a aikin nan. Ta ce tana jiƙa takardu. Bututun bayin hawa na farko yana ɗiga a kan kanta ta shida shekara huɗu ke nan. An rubuto takarda a kai, tana cikin fayil, fayil ɗin yana kanta ta shida. Ta ce kuma shuka ba ta da lamba a rajistar kayan ofis. Wannan gaskiya ne, ban musa ba, zan dawo kansa.

Na biyar, kuma shi ne wanda nake roƙon ka karanta a zaune. Likitana ya daɗe yana yi mini wa'azi: ki rage gishiri, ki riƙa taka ƙafa, ki daina ɗaukar duniya da zafi. Ta kunnen dama yake shiga ya fita ta hagu. Amma tagata ba ta samun rana sai ta minti ashirin, ɗan lemu kuwa ba ya rayuwa a duhu. Don haka kullum da safe nakan rungumi tukunyar in hau da ita barandar hawa na uku, in sauko da ita kafin ƙarfe goma. Da robar a ciki nake hawa, domin ba ni da izinin zare kayan ofis. Matakala hamsin da huɗu ne. Makon farko sai na huta sau uku, gwiwoyina suna kuka kamar ƙofar sito. Yanzu nakan wuce masu digiri a hanya suna haki.

Watan jiya likita ya auna jinina, ya sake aunawa, ya ɗan bubbuga abin awon da yatsa. Ya tambaye ni wane magani na canza. Na ce lemu. Ya ce guda nawa nake sha a rana. Na ce ba sha nake yi ba, ɗauka nake yi.

Ba ni kaɗai ba ce. Baba Direba, da shekara talatin matarsa tana fama da shi kan sigari, ya daina kunnawa a hawa na ƙasa gaba ɗaya. Ya ce, "Ni da ɗana a ɗaki, in busa masa hayaƙi?" Ai yanzu shi ne uba, ya manta sau ɗarin da na hana shi. Mai Buga Takardu da Mai Hatimi kuwa shekara uku ba sa ga maciji, a kan wata kujera mai juyawa. Yau kullum suna tsaye a bakin tagata suna gardamar ko ganye na takwas ta dama zai fito ko ta hagu. Gardama ce dai har yanzu, amma sai sun gaisa suke farawa. Kuma duk wanda maigidansa ya wanke shi tas a sama, nan yake saukowa ya ɗan murza ganye a hankali, ya shinshina yatsunsa, ya yi ajiyar zuciya ya koma bakin aiki. Na tuna bara sashenka ya shirya mana bitar kwana biyu kan walwalar ma'aikata. Mun gode, mun yi barci mai daɗi. Shin wa ka taɓa gani ya murza furen roba ya shinshina?

Na shida. Jami'inka yaro ne mai ladabi, a yi masa adalci. Ya auna tsiron da rula, ya ƙirga ganye, ya duba fom ɗinsa: kayan ɗaki, kayan lantarki, kayan ado. Bai samu gurbi ba, sai ya rubuta "baƙon abu" a gefe. Da ya zaci ba na kallonsa, shi ma ya murza ganyen. Ya ce a gidan kakansa akwai irinsa, a ƙarƙashinsa suke cin abinci. Sannan ya sa hannu a takardar tumɓukewa, bai yarda mun haɗa ido ba.

Yanzu bari in koma kan rajista. Ni mai bin doka ce, ba zan taɓa saɓa wa umarninka ba. Sai dai sashe na tara na dokokin ofishin nan ya ce duk abin da aka buɗe wa fayil, ba a taɓa shi, ba a zubar da shi, sai an rufe fayil ɗin. Dalilin da ya sa ke nan karyayyun kujerun ƙofata suka shekara goma sha ɗaya a jingine. Ganin cewa tsiron ba shi da lamba, kamar yadda ka yi ƙorafi da gaskiyarka, ranar Talata na gyara wannan kuskure. Na buɗe masa fayil. Mai Buga Takardu ta buga, Mai Hatimi ya doka hatimi a ranar, abin da bai taɓa yi wa kowa ba tun da aka ɗauke shi aiki.

Fayil ɗin zai fara zuwa Kwamitin Tantance Kaya, wanda shugabansa ya yi ritaya ba a naɗa wani ba. Daga nan sai sashen shari'a, su warware ko na wane ne tsiron, tunda tukunya tawa ce, ƙwaya ta Baba Direba, ruwa na ofis, ƙasa kuma mai ita ta riga mu gidan gaskiya. Sannan ya hauro teburinka. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. A sanina na shekara ashirin da shida, irin wannan tafiya takan ci shekara shida. Iya Mai Shara ta ce lemun da aka shuka da ƙwaya yakan fara 'ya'ya a biyar ko shida.

Kafin nan ina gayyatarka ka sauko ka gan shi. Da ƙafa, ba a na'urar hawa ba. Baba Direba bai faɗa mini komai game da 'yan ƙwayoyin maganin hawan jinin da yake sayo maka duk wata ba, ni ma ban ji ba. Amma matattakalar nan ta yi mini rana, kuma ba ta tambayar matsayin mutum.

Na san ba ni zan ga furensa ba. Ranar da zai yi 'ya'ya ina gida ina fama da jikoki, wataƙila ma an manta da wata Inna Fayil. Ban damu ba. A takardar miƙa aiki da na fara rubuta wa wanda zai gaje ni, shafi na ɗaya ba maganar fayil a ciki: ruwa rabin kofi, rana a hawa na uku, kuma a duba bayan ganye kafin a yi wa kowa lacca. Na kuma roƙe shi, lemun farko da ya nuna, a sa a ambulan a kawo maka hawa na huɗu. Ka matsa a shayi, Allah ya sa ya zame maka magani. Sai dai ka lura da inda za ka jefa ƙwayar.

Ka huta lafiya, Allah ya ƙara girma, ya ja zamanin sashenka da na robobinsa.

Taka mai biyayya har ranar ritaya,
Inna Fayil,
Ɗakin Ajiya, Bayan Matattakala.

Ƙarin bayani: Ganye na takwas ya fito yau da safe, ta hagu. Fom ɗin jami'inka ya ce bakwai, ka ga ya zama ba daidai ba. Sai an cike sabo an haɗa a fayil kafin ya motsa.