Rasuwar Gwaggo, Kwamfutar da Aka Yi wa Dashen Kati

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannu da ya rasa abin dannawa, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutar gidanmu, wadda aka fi sani da Gwaggo. Ta cika ranar Asabar da la'asar, a ƙarƙashin teburin falo inda ta yi yawancin rayuwarta, bayan gajeriyar jinya da mu muka jawo mata.

Marigayiyar mai haƙuri ce, ba ta san gaggawa ba. Idan aka kunna ta da safe sai ta yi "ƙirrr... tit", kamar tsohuwa tana gyaran murya, mutum ya je ya yi wanka ya dawo ya tarar ba ta gama shiri ba. Maiɗakina ta sha shanya safar yara a bayanta saboda ɗumin da take fitarwa, ba ta taɓa ƙorafi ba. Amma babban alherinta shi ne ita ta riƙe min zumunci da ƙanena, Auta.

Tun da aiki ya kai Autanmu nesa, magana ta yi wuya a tsakaninmu. Mu ba mutanen waya ba ne. Daga "ya gida, ya aiki" sai kowa ya tsaya sauraron numfashin ɗan'uwansa. Sai dai duk Asabar da yamma muna haɗuwa a gem ɗin ƙwallo, shi can ni nan, kowa da abin ji a kunne. Ana cikin bugu zance yake fitowa. Ina tsaron gida ya gaya min an sallame shi daga aikin farko. Ana shirin fanareti na gaya masa ciwon Inna ya tashi. Abin da baki ya kasa faɗa ido da ido, Gwaggo ta yi ta ɗauka tana kaiwa.

Ciwon ajalin ya soma ne da masu gem suka rufe tsohon suka fito da sabo. Na saka mata, ta yi iya yinta. 'Yan wasa suka riƙa tafiya kamar masu ciwon ƙafa, ƙwallo ta tsaya a sama tana shawara, fankarta na kuka "wuuu" har maƙwabta suka zaci injin markaɗe muka saya. Mai gyara ya buɗe cikinta, ya girgiza kai, ya ce tsufa ne, sai dai a gwada sabon katin hoto ko za a dace.

Auta da jin haka ya ciro nasa katin, ya naɗe a cikin tsohuwar rigarsa ya aiko. Da muka kwance, sai ga kati ya fi cikin Gwaggo tsawo. Wani mai hankali da nan ya tsaya. Mu kuwa muka kira maƙwabcinmu mai walda, ya zo da zarto ya yanke mata haƙarƙari guda, kati ya shige daram, muka yi ta yaba wa juna. Babu wanda ya tambayi ko akwatin wutarta zai iya ciyar da wannan baƙo mai ci.

Na kunna. Wallahi ban taɓa ganin fili kore haka ba, har gumin goshin 'yan wasa ake gani. Auta na dariya a kunnena, ya ce yana da labari, in bari a take wasa tukuna. Alƙali ya hura usur. Gwaggo ta ce "tas", allo ya yi baƙi, ƙauri ya cika falo. Na danna, na hura, na jijjiga, na roƙe ta da sunanta. Ta tafi, ta tafi da katin, ni kuma har yau ban ji labarin Auta ba.

Ta rasu ta bar allo guda mai tabo a gefe, da madannai da harafi biyu suka goge, da hannun gem da aka ɗaure da salatif, da firinta wadda dama ba sa ga maciji. Ta kuma bar ni, ba ni da halin maye gurbinta nan kusa, ban kuma san yadda ake hira babu ƙwallo a tsakani ba.

Za a ɗauki gawar zuwa shagon mai gyara ranar Asabar bayan azahar, inda zai ciri abin da zai amfani kwamfutoci masu rai, sauran kuma mai sayen tsohon ƙarfe ya yi alkawarin raka ta. Ana roƙon masu ta'aziyya su bar shawarar "da ka sayi sabuwa" a bakin ƙofa. Zaman makoki a falo ne da la'asar, lokacin da muka saba take wasa. Za a same ni a kujerata, waya a hannu, lambar Auta a buɗe. Duk wanda ya san abin da ake cewa bayan "ya gida, ya aiki", don Allah ya zo da wuri.