Baki Ukun Doña Eufemia

A duk garin San Mateo babu mai tantance labari kamar Doña Eufemia. Ita ta faɗa, kuma ba a taɓa musa mata a gabanta ba. Dokarta ɗaya ce: ba ta yarda da magana sai ta ji ta daga baki uku. Da ƙarfin wannan doka ta miƙe a taron gari ta ce Don Celso, shugaban kwamitin ruwa, ba famfo zai jawo wa mutane ba, sayar da idon ruwan ya yi wa kamfanin lemo. Don Celso kuwa shi ne mahaifin Remedios, wadda Nicanor, jikan Doña Eufemia, ke nema da aure. Tun ranar aka rufe wa Nicanor ƙofa.

Tana gasa gurasar masara ya shigo.

"Barka da asuba, gidan rediyo."

"Yawwa, direban adaidaita marar birki. Cin banza ya kawo ka?"

"Na zo gaida wadda ta kashe mini aure tun ba a ɗaura ba."

"Da wannan hancin naka, ko ba ni sai sun koro ka."

"Hancin gado ne, Kaka. Wa ya ce miki an sayar da ruwan?"

"Mai injin niƙa, ɗaya."

"Na je wurinsa. Ya ce a layin niƙa ya ji, daga bakin wata tsohuwa mai jan bokiti."

Ta dubi bokitin da ke gefen murhu. Ta matsa kaɗan ta tare shi da siket.

"Jan bokiti ya cika gari. Na biyu, Chole mai burodi."

"Matar mai injin ce ta gaya mata."

"Na uku, mai kaɗa ƙararrawar coci. Mutumin Allah ne!"

"Mutumin Allah a wurin Chole yake sayen burodi."

Gurasar ta fara ƙauri. Doña Eufemia ba ta juya ta ba.

"Ni ban ce an sayar ba," ta faɗa ƙasa-ƙasa. "Cewa na yi, Allah ya sa ba sayarwa za su yi ba."

"Shi ke nan. Zancen nan ɗanki ne, ya fita yawo da safe, ya dawo da gemu har da sunan kamfani, kika yi masa shimfiɗar baƙo."

"Ja'iri. To kai, uban masu bincike, famfon alheri ne ko sharri?"

"Alheri mana."

"In ji wa?"

Nicanor ya sosa ƙeya. "Remedios."

"Baki nawa gare ta?"

Ta ɗora da cewa:

"Da rijiya ubanta ke so, da yanzu kana cikin rami da diga kana zagin famfo."

Ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba. Ranar da injiniya ya zo yi wa gari bayanin famfon, kakar tana wurin niƙa, shi yana rakiyar Remedios.

Ta shiga bayan gida ta fito da talo-talo ɗaure da ƙafafu, ta ja mayafi har ya kusa rufe mata ido.

"Tayar da adaidaitar, mu je gidan Celso. Ka bi ta bayan coci, kada ka kuskura ka bi ta gaban injin niƙa."

"Kaka, ke ce da ba da haƙuri? Har da tsaraba?"

"In zan ji kunya, ba zan ji ta hannu wofi ba. Tuƙa."

Sai da suka tsaya a ƙofar Don Celso Nicanor ya dubi talo-talon da kyau. Nasa ne, wanda yake kiwo don ranar bikin aurensa.