Jirgin Labaran a Tsakiyar Kainuwa

Da safiyar yau na yi niyyar haye tafkin bayan garinmu zuwa sunan jikar ƙanwata Ramlatu. Na tarar da Labaran mai fito zaune a gaɓa, ya rungume filafili, jirginsa kuwa yana can tsakiya, kainuwa ta kewaye shi.

Domin tarihi ya tabbata: a shekarar 1973, wadda aka sauya fam da naira, na yi iyo a ruwan nan daga gaɓa zuwa gaɓa, ko ganye ban taɓa ba. Yau kaza tana ƙetare shi ƙafarta a bushe.

Na tambayi Labaran abin da ya faru.

"Malam, Mai Girma Shugaban Kwamitin Yaƙi da Kainuwa yaz zo ɗaukar hoto. Nik kai shi tsakiya, iska ta rufe mu da ita. Shi anka goyo har tudu. Jirgi anka ce in jira rahoto."

Kada mai karatu ya zaci kwamitin ba ya aiki. Ƙa'idarsa ce mai zurfi: kainuwar cikin ruwa tasa ce, amma da ta taɓa tudu ta zama shara, shara kuwa ta wani ofishi ce da ba a buɗe ba tukuna. Saboda haka an haramta tsame ta. Kowace safiya a tura ta yamma da gora, a sanar an kawar da ita; da la'asar iska ta maido ta. Tun zamanin En'e ban ga aikin da ya dawwama kamar wannan ba.

Muna nan sai ga Hure, matar Labaran, da kwando, akuyarta na biye. Ta hau tsamar ciyawar.

"Mi kake jira, maigida? Rahoto za mu tuƙa wa ɗiya?"

Wani wakilin kwamiti da ke gadin gaɓar ya rugo, ya ce ta mayar da kayan gwamnati ruwa. Kafin ta amsa, akuyar ta cinye rabin kwandon. Wakili ya tsaya cak, domin ƙa'ida ba ta fayyace ofishin da ke da kainuwar cikin akuya ba. Ya tafi neman umarni.

Labaran bai jira shi ba. Ya karaɗe unguwa yana aron awaki, shi da Hure suna tsamowa, suna sa musu a baki kafin ta taɓa ƙasa. Zuwa azahar hanya ta doshi jirgin.

Suna dai ya wuce ni. Addu'ata ɗaya: kada a sa akuyar nan a kwamiti. Ranar da aka ba ta kujera, jirgin Labaran ya zauna ke nan.