Kunnen Zinariya Ya Tafi Zaɓen Fikof

Idan ana maganar mutanen da Allah ya yi wa baiwar ji, dole a fara da Kunnen Zinariya. Shi ya raɗa wa kansa sunan, don ya ga mutane suna jinkiri. Da rana yana zaune a ofishin inshora yana buga hatimi, da yamma kuwa ya rataya jitar lantarki ya koma makaɗi a wata 'yar ƙungiyar waƙa. Kunnensa yana jin abin da babu wanda yake ji, har da abin da babu shi.

Ƙungiyar ta daɗe tana neman damar shiga situdiyo ta ɗauki waƙarta ta farko. Mawaƙiyar, wadda ƙanwar matarsa ce, ta sha zarya kafin a ba su rana. Da ta kawo albishir, kowa ya tashi yana tsalle. Kunnen Zinariya ya ɗaga hannu, ya ce a dakata.

"Ba zan shiga tarihi da wannan fikof ɗin ba," in ji shi.

Fikof wata 'yar na'ura ce mai maganaɗisu da ke kwance ƙarƙashin wayoyin jita, tana ɗaukar sautinsu ta miƙa wa lasifika. Nasa na wajen gada, wato can gindin wayoyin, yana ɗan gurnani. A cewarsa wannan gurnanin ne kaɗai ya hana duniya sanin ko shi wane ne. Maganinsa hambaka, fikof mai tagwayen naɗin waya wanda ke kashe gurnani.

"Yaya, ranar fa da ƙyar na same ta," in ji mawaƙiya.

"Ke yarinya ce. A ɗaga."

Aka ɗaga.

Ya tafi shagon kayan kiɗa sanye da kwat, kamar mai zuwa neman aure. Mai shago ya miƙo masa jitoci masu hambaka iri-iri don ya gwada. Akwai mai zafi da ke sa lasifika ruri, akwai mai sanyi irin na da, akwai na tsaka-tsaki. Gwanin namu ya zauna, ya lumshe ido, ya kaɗa ɗan gajeren kiɗan nan da ya iya tun yana saurayi. Ya sake kaɗa shi. Ya kuma.

"Wannan," ya ce, "sautinsa yana da ƙanshin katako da ruwan sama ya daka, amma babu tawali'u a tsakiyarsa. Wancan kuma yana da ilimi, sai dai bai yi tafiye-tafiye ba. Ni ina neman sautin da zai yi kuka ba tare da ya zubar da mutuncinsa ba. Ka gane?"

Mai shago ya ce ya gane, ya leƙa shayinsa da ya huce. Wata mata da ta kawo 'yarta sayen sarewa ta gaji da tsayuwa ta fita.

A gida ma ba a tsira ba. Ya ɗauki sautukan a waya, ya tare matarsa tana guga, ya cusa mata abin ji a kunne.

"Maman yara, na farko ko na biyu?"

"Baban yara, wallahi duk ɗaya nake ji."

Ya dube ta da tausayi. Ya yi mata bayanin maganaɗisu da naɗin waya har rigarsa ta ofis ta ƙone a ƙarƙashin dutsen guga. Ya ce wannan ƙaramar sadaukarwa ce a kan hanyar fasaha.

Makonni suka shuɗe. Mai shago ya koyi shigewa bayan kanta in ya hango kwat. Situdiyo suka aiko cewa in aka sake ɗagawa za su ba wasu ranar, kuma babu wata. Mawaƙiya ta zo gidan yayarta ta zauna tana kuka a kicin. Mai ganga ya fara maganar komawa sana'ar ɗinki.

Sai ga shi gwanin ya yanke hukunci. Ya tara ƙungiyar, ya ce bayan dogon nazari da sauraro mai zurfi, kunnensa ya zaɓi wanda ya dace. Ya buɗe kwali. Hambaka ne mai murfi ruwan gwal, wanda bai taɓa gwadawa ba, amma launinsa ya yi daidai da agogonsa.

Ranar ɗauka ya kwaso su duka a motarsa, da ganguna da fiyano, kamar yadda ya saba. Aka yi waƙa. Da aka zauna saurare, ya miƙe ƙafa, ya rufe ido. Can tsakiyar waƙar wani sauti mai daɗi ya taso, sai ƙwalla ta cika masa ido.

"Kun ji shi?" ya ce. "Kun ji ɗumin nan? Wannan shi ne hambaka. Da an bi ta gaggawarku, da mun rasa wannan."

Mai ganga ya duƙufa yana gyara igiyar takalminsa.

"Yaya," mawaƙiya ta ce a hankali, "wannan fiyano ne. Ba a buɗe sautin jitarka ba tukuna."

Ya ce ai ya sani, gwada su yake yi. A buɗe nasa.

Aka buɗe. Gaskiya fikof ɗin mai kyau ne, babu gurnani ko kaɗan. Kowane yatsa da ya zame, kowace waya da aka taɓa bisa kuskure, duk wurin da ya riga ganga da wurin da ganga ta bar shi a baya, sun fito tas. Mai fiyano ya fita shan iska. Gwanin ya saurara har ƙarshe, ya gyaɗa kai, ya ce lasifikokin situdiyon nan ba su kai matsayin fikof ɗin ba. Aka sake rufe nasa, aka ƙarasa aiki.

Waƙar ta fita, kuma ta karɓu. Wani gidan rediyo ya gayyace su hira. Kunnen Zinariya ya zauna kusa da makirfo, ya daidaita agogo, ya shirya jawabin da zai yi wa al'umma a kan tagwayen naɗi. Mai gabatarwa ta gaisa da mai ganga, ta yaba wa mai fiyano, sannan ta juyo kansa ta tambayi mawaƙiya ko wannan bawan Allah wane ne.

"Mijin yayata ne," in ji ta, cikin ladabi. "Allah ya saka masa da alheri, shi yake kawo mu a mota."